Gidan da Nibaldo Ya Saya a Hoto

Valparaíso, Maris 1988

Zuwa ga mijina Nibaldo,

Gaisuwa mai tarin yawa daga matarka, da fatan kana lafiya kuma aikin mahaƙa bai fi ƙarfinka ba. Yaya tarin nan? Kana shan maganin, ko ka tura shi ƙarƙashin gado kamar yadda ka saba? Ni dai na iso lafiya, in ka cire ƙafata ta hagu, wadda za ka ji labarinta yanzu.

Tsoho, na ga gidanka. Na ce gidanka ne don kai ka saye shi, a hoto, daga hannun abokin aikinka Segundo, ka aiko mini da makulli a ambulan da 'yar takarda cewa fenti kawai yake buƙata. Ni kuma mai hankali sai na saki gidan hayarmu na Quillota, na jibge kayanmu a tsakar gidan yayata ƙarƙashin tamfol, na taho da burushi da gwangwanin shuɗin fenti.

Hoton bai yi ƙarya ba. Daga titi ɗan gida ne tsaf, ƙofa da tagogi biyu. Mai hoton ne bai zagaya baya ba. Gidan rataye yake a gefen tudu, hawa uku ne zuwa ƙasa, yana tsaye a kan wasu dogayen itatuwa kamar ƙafafun zalɓe. Makullin ya karye a cikin ƙofa tun murɗawar farko. Ta taga na shiga, ni mai jikoki, matan da ke layin burodi suna kallona.

Ina taka tsakiyar falo katako ya ɓurme, ƙafata ta shige har gwiwa. Ina nan maƙale ina kiran sunanka da kalmomin da ba zan rubuta ba, sai na ji murya daga ƙasa tana cewa, “Ko waye, ya janye ƙafarsa, ƙura na zuba mini a miya.”

Haka na san cewa ka sayi gida da mutum a ciki. Sunansa Don Amador, tsohon kuku ne a jiragen ruwa, ya haura tamanin. Ya ce marigayiya mahaifiyar Segundo ce ta ba shi ɗakin ƙasa, ta ce ya zauna har ya mutu. “Ga shi kuwa ban mutu ba, 'yata, ba laifina ba ne.” Ya cika bahon wankan gidan da ƙasa ya shuka tumatir. Da na tambaye shi inda zan yi wanka, sai ya ce in bari a gama tsinka tukuna. Ka gaishe mini da Segundo, ka ce na gode da bai ga dalilin ambaton wannan ba.

Abu ɗaya zan yarda da shi, kuma kada ka ɗaga kai a kansa. Tagar ɗakin sama tana kallon teku gaba ɗaya, jirage suna shiga suna fita, iska tana shigowa mai sanyi da ƙanshin gishiri. Na tsaya a wurin da ƙafata a ɗaure, na shaƙa, na tuna da kai cikin ƙurar can. Na san abin da ya sa ka nace sai gida kusa da teku, ko da yake ba ka taɓa faɗa ba.

Gobe zan nemi kafinta. Ka riƙa ɗaura ƙyalle a hanci, ka ci abinci mai zafi.

Taka, duk da haka,
Ernestina

Valparaíso, ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Nibaldo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, wasiƙarka ta iso. Na karanta inda ka ce tarin ya yi sauƙi, na kuma lura rubutunka yana rawa. 'Yarmu Nelda ta kawo mini yara ranar Lahadi, suna gaida kakansu. Ban bar su sun wuce bakin ƙofa ba, don ina son jikokina.

Ka tambaya ko na gama fentin. Gwangwanin yana nan a rufe, a kansa nake zama in sha shayi, don shi ne kujerar da na amince da ita a gidan nan.

Na samu kafinta, Maestro Rigoberto. Dogo ne mai fensir a bayan kunne, mai daɗin baki. Na ce ya canza mini katakon falo kawai. Ya ɗaga ɗaya, ya leƙa, ya yi fito. Na tsani wannan fiton, Tsoho. Duk lokacin da na ji shi na san wani abu ya mutu. Gara ce. Ta cinye gungumen da ke riƙe da daɓen, ta bar mana fatar waje don kunya. Ya sa yatsa a jikin ginshiƙi, yatsan ya shige kamar a burodi. Don a canza gungumen sai an ɓamɓare kwanon da ya lulluɓe bango. Da aka ɓamɓare kwanon, tubalin lakar da ke ciki ya zubo kamar gari. Da tubalin ya zubo, tagar kicin ta rasa abin jingina ta faɗa gangare. Kullum maganarsa ɗaya ce: “Uwar ɗakina, tunda dai an riga an buɗe.” Na ce masa in ya ƙara buɗe wani abu ni ma zan buɗe masa kai.

Mota ba ta hawa layinmu, sai mai jaki ne ke kawo katako da siminti daga ƙasa. Jakin ya fi mai shi cika alkawari, shi ma sai ya ga dama.

Sai maganar wuta. Wayoyin gidan tsofaffi ne naɗe da ƙyalle, in ka taɓa famfon kicin sai ya ja ka. Na kira mai gyaran wuta ya yanke su duka. Bai gama sauka daga tsani ba sai ga wata mata gajera ta hauro daga gangare, hannu duk kumfar sabulu, tana ihu wa ya kashe mata rediyo ana tsakiyar wasan kwaikwayo. Señora Uberlinda ke nan, mai gidan da ke ƙasa da namu, wankau take yi. Ashe shekara da shekaru daga gidanmu take jan wuta, wayar ta bi ta cikin kwata. Ko kunya ba ta ji ba. Cewa ta yi, “Maƙwabciya, tsohuwar mai gidan ba ta taɓa magana ba, ke daga zuwa sai rowa?” Na ce tsohuwar tana kabari shi ya sa. Mun faɗa wa juna maganganu har mai burodi ya fito kallo. Yanzu ba ma gaisawa, ta kuma mayar da shanyarta daidai saitin tagarmu.

Don Amador kuwa ya naɗa kansa shugaban aiki. Yana zaune a kan akwati yana ba da umarni kamar a jirgi, kuma duk shawarar da ya bayar ba daidai ba ce. Shi ya rantse mini rufin lafiyarsa ƙalau, bai taɓa yi masa yoyo ba. Mutumin da ke kwana hawa biyu ƙasa da rufin! Maestro ya hau ya duba, na ji fito. Na so in kori tsohon, na ma shirya maganar. Da na sauka na tarar ya dafa mini miyar kifi, ya shimfiɗa jarida a matsayin ƙyallen tebur. Na ci, na dawo ban faɗa ba. Miyar ta yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Sanyi ya fara, hadari yana taruwa a kan teku. Ka yi mini addu'a rufin ya riga ruwa.

Matarka mai ƙura a gashi,
Ernestina

Valparaíso, Yuni

Tsohona,

Ina gaishe ka, ina fatan sanyin arewa bai shiga ƙirjinka ba. Ka yi haƙuri da tabon da ke jikin takardar, ba hawaye ba ne, silin ne.

Rufin bai riga ruwa ba. Maestro Rigoberto ya cire rabin kwanon, ya shimfiɗa leda, ya ce gobe da sassafe zai dawo. Goben nan ta yi sati biyu. Na je gidansa, matarsa ta ce ya samu aiki a wani jirgi da ake gyarawa a tasha. Iskar farko ta ɗauke ledar, na gan ta tana tafiya kan unguwa kamar za ta Argentina. Duk wani abu mai baki a gidan nan na tara shi: tukwane, bokitai, kofin shayi, har hular kwanon da ka bari.

Ina fama da na sama sai ga na ƙasa. Ruwa ya fara ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin kicin, fari tas mai sanyi. Ashe a kan idon ruwa aka gina gidan. Na tambayi Don Amador ko ya sani, ya ce ai kowa ya sani, da shi yake ba tumatirinsa ruwa. Ban san abin da ya hana ni jifansa da tukunya ba, sai dai duk tukwanen suna bakin aiki.

Ranar Alhamis da rana tsaka, ina matse bargo, na ji ƙasa ta yi wani gurnani. Na ɗauka girgizar ƙasa ce na ruga bakin ƙofa. Katangar dutsen da ke riƙe da bayan gidanmu ce ta saki. Ta tafi da ɗakin wanki, da itacen ɓaure, da rabin tsakar gida, ta sauke su duka a gidan Uberlinda. Na gangara cikin laka ba takalmi, don na san a wurin take tsayawa wanki. Na same ta a ƙofar ɗakinta riƙe da dutsen guga, fuskarta ta yi fari fat. Ta shiga ɗauko shi ke nan abin ya faɗo. Akurkin kajinta ya nutse, zannuwan gadon mutane da aka ba ta wanki duk suna ƙarƙashin laka. Na jira ta fara zagi. Sai ta kama hannuna ta riƙe, muka tsaya a ruwa kamar wawaye. Can da ta dawo hayyacinta ta zage ni, ta zage ka, ta zagi Segundo da kakanninsa. A kan Segundo na taya ta.

Ɗakin Don Amador ya cika da ruwa har gwiwa. Ya ƙi fita, wai kyaftin ba ya barin jirgi. Na ce kai kuku ne, tashi. Kafin kwana biyu zazzaɓi ya kama shi, ƙirjinsa yana kuka. Wuri ɗaya ne busasshe a gidan, ɗakin sama mai tagar teku, wanda na sa aka fara gamawa, na goge na ajiye maka. Nan na kwantar da shi, a kan sabuwar katifarka. Ni ina kwana a falo da lema.

Ina ba shi romo da cokali yana gaya mini gishiri ya yi kaɗan. Amma Tsoho, in ya fara tari sai in ajiye kwanon in fita baranda. Irin naka ne sak, mai jan numfashi a ƙarshe. Ina tsaye ina kallon bangon nan da ke tsattsafo da ruwa ina tambayar kaina, a nan zan kawo mutumin da huhunsa ya gaji? Ka rubuto mini gaskiyar abin da likita ya ce. Na gaji da “da sauƙi”.

Taka,
Ernestina

Valparaíso, Agusta

Nibaldo,

Ina fatan kana lafiya. Gaisuwar ke nan, don ba ni da wata doguwa a yau.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ka ce ka yi kuskure, in sayar da gidan ko nawa aka taya, in koma wurin yayata, kai kuma za ka ƙara shekara biyu a mahaƙa ka mayar da abin da aka rasa. Ka saya ba ka tambaye ni ba, yanzu za ka sayar ba ka tambaye ni ba. To ga amsar tambayar da ba ka yi ba: a'a.

Matar Segundo ta zo ganin danginta, ta biyo ta nan, kunya ta sa bakinta ya kwance. Ta ce tun bara likita ya gaya maka ƙura ta cinye maka huhu, in ka ƙara damina ɗaya a ramin nan ba za ka fito da ƙafarka ba. Ta ce kana tsayawa hutawa tsakanin ɗakin kwana da wurin cin abinci. Kowa a sansanin ma'aikatan mahaƙa ya sani sai matar da ta haifa maka 'ya. Shekara biyu! Wa za ka yi wa aikin, ni ko mai sassaƙa akwatin gawa?

Bari ka ji abin da aka yi a nan kana can kana yanke hukunci. Maestro Rigoberto ya dawo ɗaukar kayan aikinsa, yana murmushi kamar jiya muka rabu. Ya tarar na kulle akwatin a ɗakina, makulli a wuyana. Na ce zarto da guduma za su riƙa fitowa da safe su koma da yamma, har ranar da kwano na ƙarshe ya hau. Ya ce zai kira 'yan sanda. Na ce ya kira, akwai tsani na biyu, su ma sai su taya. Ya gama rufin cikin sati. Ni na riƙa miƙa masa ƙusa a can sama, ina rarrafe, ban kalli ƙasa ba ko sau ɗaya. An yi ruwa shekaranjiya kamar da bakin ƙwarya, na zagaya ɗaki ɗaki da tafin hannu a buɗe. Ko ɗigo.

Ni da Uberlinda mun zauna mun yi magana irin ta mata masu aiki a gabansu. 'Yan'uwanta maza masu dako ne a tashar jirgi, sun zo Lahadi uku a jere sun sake ɗora katangar da dutse da siminti, sun bar ramukan da ruwa zai bi. Ni na dafa musu wake da kabewa, sun ci kamar fara. Idon ruwan an sa masa bututu ya gangara tankin wankinta, kicin ɗinmu ya bushe, ita kuma ta huta da ɗaukar bokiti. Wutar ma na mayar mata, da sabuwar waya, a fili, za mu riƙa raba kuɗin. Har yanzu tana cewa ni marowaciya ce, amma da ƙwai take zuwa faɗa.

Don Amador ya tashi. Ya rame, bakin dai yana nan. Mun gyara masa ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, ba zai koma ƙasa ba. Kada ka ce komai. Da shi ka sayi gidan.

Ban ce an gama ba. Matakalar ciki tana lilo, banɗaki sai addu'a, bangon kudu har yanzu kwali ne. Amma ɗakinka a bushe yake, rana tana shiga tun safe. Na fasa farce, na ji ciwo a baya, na koyi zagin da ban san ina da shi ba, duk don mutum ɗaya ya zauna a bakin taga ya yi numfashi. Ba zan miƙa wa wani baƙo wannan ba.

Ka je ofis ka ajiye aikin. In ƙarshen Satumba ya yi ban gan ka ba, zan hau mota in zo in ɗauko ka a gaban abokanka, ka san kuma zan iya.

Matarka, mai fushi, mai jiranka,
Ernestina

Valparaíso, Oktoba

Zuwa ga 'yata Nelda,

Gaisuwa da sa albarka gare ki da mijinki da yara. Yaya haƙorin ƙaramin, ya fito? Na ga saƙonki kina tambayar babanki, ga labari.

Ya iso ranar Talata. Na je tasha na tarbe shi, na kusa wuce shi, 'yata. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Na karɓi jakar. Hawan layinmu ya ɗauke mu lokaci mai tsawo, yana tsayawa yana yi kamar kallon gari yake, ni ma ina yi kamar na yarda. Uberlinda ta fito ta ƙare masa kallo sama da ƙasa ta ce, “Wannan ne? Na ɗauka babba ne, yadda ya haɗa mana wannan masifa.” Babanki ya cire hula ya ba ta haƙuri, yanzu ta fi son shi da ni.

Ya zagaya gidan. Ya shafa bango, ya dubi hannuwana, ya kawar da kai. Ya zauna a bakin tagar sama, kafin in kawo shayi barci ya ɗauke shi a zaune, baki a buɗe. Na tsaya ina sauraro. Numfashin da nauyi, amma yana tafiya. Likitan nan ya ce abin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai in an kiyaye shi daga ƙura da laima zai iya daɗewa tare da mu. Na ce wannan aikina ne.

Kwana uku ya yi yana bin umarni. A na huɗu shi da Don Amador suka haɗa kai, don sun zama abokai tun daren farko, suka yanke cewa kicin yana buƙatar kanta. Na fita sayen kifi. Na dawo na ji ihu tun daga titi. Babanki ya buga ƙusa a bango, ta shige tsakiyar sabon bututun famfo, wanda ko wata bai yi ba. Ruwa yana feshi har silin. Don Amador yana riƙe da murfin tukunya kamar garkuwa yana ba da umarni, babanki yana tsaye da guduma, jiƙe sharkaf, yana cewa bangon ne ba a gina daidai ba.

Na jefar da kifin, na danna babban yatsa a kan hudar, na buɗe baki zan fara. Sai ya dube ni, ruwa yana ɗiga daga hancina, ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa, dariya da tari suna karo. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta yadda take. Na tsaya da yatsa a bututu, na rasa zagin da na shirya, na ce masa ya tashi daga ruwan nan kafin in kashe shi da hannuna.

Gudumar tana ɗakina yanzu, a kulle. Ina rubuta miki wannan ne ina jiran Maestro Rigoberto, wanda ya ce yana nan tafe, kin san ma'anar hakan. Ku zo ranar Lahadi da yara, daɓen zai ɗauke su. Ki taho da burodi, da bokiti biyu na aro, don mun rufe ruwan gidan gaba ɗaya.

Babanki yana gaishe ku. Yana bakin taga, a nannaɗe cikin bargo, an hana shi taɓa komai.

Mamanki mai ƙaunarku,
Ernestina